Littafin gyaran injin Corolla ta 2010

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau kwana goma sha ɗaya da na karɓi mukullin motar, kuma yau na yanke shawarar buɗe mata littafi, domin kaina ba zai riƙe duk abin da nake gani ba. Toyota Corolla ce ƙirar 2010, mai canja giya da kanta. Lambar jikinta ta fara da 2T1, wato a Kanada aka haɗa ta. Ta shigo ƙasar nan ta Kwatano, ta yi shekara shida a hannun wani ɗan'uwanmu kafin ta zo hannuna. Ya sayar mini da ita cikin mutunci, har da ragi, saboda haka duk abin da zan rubuta a nan ba ƙorafi ba ne a kansa. Shi mutum ne da iyakarsa ya miƙa wa makanike mukulli ya tambayi nawa ne.

Maleji yana nuna 148,300. Ya ce mini kilomita ne. Mil ne. Idan aka juya, motar ta ci kusan kilomita 238,600. Wannan bambancin ba ƙaramin abu ba ne, zan dawo kansa ranar da na zo maganar juye, wato canjin baƙin mai.

Injin shi ne 2ZR-FE: silinda huɗu a jere, cc 1,798, bawul 16, ƙarfin doki 132 a juyi 6,000 cikin minti ɗaya. Gangar jikinsa ta alminiyam ce. Sarƙa ce ke haɗa ƙasan injin da samansa, ba bel ba, kuma yana da tsarin Dual VVT-i, wanda ke matsar da lokacin buɗewar bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi gaba ko baya ta hanyar matsin baƙin mai. Ko sitin bawul ba a yi masa, baƙin man ne ke cike giɓin da kansa. Abin da na fahimta ke nan tun kafin na taɓa sifana: a injin nan baƙin mai ba santsi kawai yake bayarwa ba, har aiki yake yi kamar hannu.

Abubuwan da suka dame ni: na cika tanki, na yi mil 205 a cikin gari, na sake cikawa ya sha lita 40. Kilomita 330 ke nan, wato takwas da ɗoriya a lita ɗaya, a lokacin da litar ta haura naira dubu. Allurar zafi ba ta taɓa kaiwa tsakiya, ko da na yi tafiyar awa guda. Fanka tana tashi da zarar na murza mukulli. Da asuba idan na tayar da ita sai ta yi wani kwarr na daƙiƙa biyu ko uku kafin ta lafa. Sannan fitilar nan mai hoton inji a dashbod ba ta kamawa sam, ko lokacin da aka murza mukulli sauran fitilu suka kama.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na sayi ƙaramar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da wannan ramin mai ƙafa 16, kuma lambobin gama-gari da yake bayarwa iri ɗaya ne ko wace mota ce. Da na soka, lambobi huɗu suka fito: P0128, P0171, P0420, sai P0302 da ke jiran tabbaci. Ta farko na cewa ruwan injin bai kai zafin da ya kamata ba. Ta biyu, iska ta yi wa fetur yawa. Ta uku, matatar hayaƙi ba ta aiki. Ta huɗu, silinda ta biyu tana tsallake wuta jefi-jefi.

Na je wurin mai wayarin ya kwance fuskar dashbod. A bayan hoton injin sai ga ɗan guntun baƙin salatif a manne. Ya ɓare shi, fitila ta kama ras. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai wannan shi ne gyaran da ya fi sauri a garin nan." Ban yi dariyar ba sai da na koma gida.

Da yamma muka auna matsin silinda a garejin makanikena, domin idan ƙasan injin ya tafi, duk sauran ɓata kuɗi ne. Littafin gyara na kamfanin ya ce lafiyayyen matsi shi ne psi 199, mafi ƙaranci 157, kuma kada tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ta wuce 14. Mun samu 178, 172, 176, 180. Na yi hamdala. Fistin da ringi suna da sauran kwana.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau aka yi muhawara. Mun kwance bututun ruwa na ƙasa inda yake shiga inji, muka tarar da gidan tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wayam, sai tsatsa ja kamar ƙasar Jos. Mun bi wayar fanka, ashe an tsallake rilenta an haɗa ta kai tsaye. Na ce da makanike a mayar da komai yadda yake. Ya ajiye sifana ya dube ni. Shekararsa talatin da wani abu a sana'ar nan, ni kuwa malamin makaranta ne da ya karanta wasu shafuka a waya.

"Malam," in ji shi, "wannan abin na ƙasar sanyi ne. Su can ƙanƙara ke zuba. Mu nan Kano a watan huɗu ko jaki neman inuwa yake. Ka mayar da shi, ka ƙona gaskit, ka dawo ka ce ni ne."

Ban raina maganarsa ba, don na san inda ta samo asali. A kan Fijo 504 da 505 ya koyi aiki, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Motoci ne masu kafireto, babu kwamfuta, kuma lagiretonsu ruwan rijiya yake sha shekara da shekaru har ya toshe. Idan irin wannan mota ta fara zafi, cire tamostat yana ba ta ɗan sauƙi, mai ita ya tafi yana godiya. Daga nan abin ya zama gado, yaro ya koya wurin ogansa, har aka zo kan injin da ba haka aka gina shi ba.

Abin da na yi ƙoƙarin faɗa masa shi ne tamostat ba ya ƙara wa inji zafi sama da ƙima. Ƙofa ce kawai. Tana rufe har ruwa ya kai tsakanin digiri 80 zuwa 84, sannan ta fara buɗewa, idan zafi ya ƙaru ta buɗe gaba ɗaya. A tsakiyar rana a watan huɗu a buɗe take, tamkar babu ita. Amfaninta yana wurin da ba ma lura: safiya, gajeriyar tafiya, da gudu a babban titi inda iska ke dukan lagireto. A wayata na nuna masa: bayan tafiyar minti arba'in ruwan yana digiri 61. Birenbos, wato kwamfutar motar, yana ganin wannan lambar ya ɗauka injin bai gama ɗumama ba, sai ya ƙara fetur. Ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Tururin ruwan da ƙonewar fetur ke haifarwa, wanda zafi ya kamata ya kore shi, shi ma ya zauna a ciki. Su biyun su haɗu da datti su zama wannan baƙin kunun da ake tararwa idan an buɗe saman inji.

Ya ce duk ya ji. Ya ce zai ɗaura, amma da sharaɗi ɗaya: in ta yi zafi, bakinsa alekum. Na yarda. Sharaɗin nasa ma yana da amfani, don ya tilasta mini in gyara lagireto tukuna. Wanda ya mayar da tamostat a kan toshasshen lagireto, lallai zai ƙona gaskit, kuma makaniken ne zai yi gaskiya.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yini guda a Ƙofar Ruwa. Tamostat kala uku aka nuno mini a kwali iri ɗaya, kuɗi daban-daban. Na sayi wanda aka buga 82 a gindinsa, na kawo gida na jefa a tukunya da ma'aunin zafi a ciki. Uwargida ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona ba ta ce komai ba. A 83 ya fara buɗe baki. Na sauke tukunyar, ya rufe a hankali. Na wanke mata tukunyarta sau biyu.

Ruwan lagireto ya fi wahalar samu. Akwai masu sayar da ruwa mai kala a jarka, wanda ban da kalar babu komai a ciki. Na gane na kirki da santsinsa a yatsa da kuma hatimin murfin da ba a taɓa ɓallewa ba.

Asabar, 7 ga Disamba

An ciro lagireto an wanke, ruwan da ya fito kamar kunun kanwa da aka zuba wa manja. Mun ɗauraye cikin injin sau huɗu kafin ya fara fitowa garau. Aka ɗaura tamostat da ɗan ƙaramin bawul ɗinsa yana kallon sama, don iska ta samu hanyar fita. Mai wayarin ya mayar da rile. Na canja murfin lagireto, domin robar tsohon ta tsage. Mutane ba sa ɗaukar murfin nan a bakin komai, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100; da lafiyayyen murfi sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba.

Kuskuren yau nawa ne. Ana kiran magariba na ƙosa, na ce a rufe haka nan ba mu gama fitar da iska ba. Ina kaiwa Kabuga allura ta wuce tsakiya tana hawa. Gabana ya faɗi, na tuna da sharaɗin makanike. Na gangara gefe na kashe, na zauna a kan dakalin wani shago kusan awa ɗaya har ya huce, don buɗe murfin lagireto da zafi ya sha ƙona fuskokin mutane. Da na buɗe, ruwan ya yi ƙasa sosai: iskar da ta maƙale ce ta fito ta bar gurbi. Na ƙara kusan lita ɗaya, na kunna hita zuwa ƙarshe, na bar ta tana aiki murfi a buɗe har kumfa ya daina fitowa. Na iso gida allura na tsakiya cif, wayata na nuna 88. Ban gaya wa makanike ba tukuna.

Laraba, 11 ga Disamba

Ɗigon ruwa mai ruwan hoda a ƙasa, ɓangaren fasinja. Famfon ruwa ne. Shekarun da ya yi yana juya tsatsa sun cinye robarsa, yanzu da matsi ya dawo sai ta sallama. An canja shi tare da fambel. Na gaya wa makanike labarin Kabuga. Ya ce ai ya sani, yaronsa ya gan ni a kan dakali.

Asabar, 21 ga Disamba

Juye. A jikin ƙofa akwai takardar mai juye ta ƙarshe, ya rubuta lambar maleji ya ƙara 5,000. A zuciyarsa kilomita 5,000 yake nufi, amma malejin mil yake ƙirgawa, saboda haka kilomita 8,000 ne. Ɗan'uwan namu kuma yakan ɗan ƙara a kai idan wata ya yi nisa. Ga shi man da ake zuba mata na durom ne, wanda ake aunawa da gwangwani, babu wanda ya san sunansa balle asalinsa.

Matatar mai ta wannan injin ba irin gwangwanin da ake murɗewa a yar ba ce. Murfi ne na roba mai tauri, a cikinsa ake sa takardar matata, kuma yana da sifanarsa ta musamman mai faɗin milimita 64. Na wannan motar duk sawun kurfi da guduma ne a jikinsa. Da muka buɗe, takardar ta lanƙwashe ta murɗe kamar tsumman da aka matse, ta yi baƙi ƙirin. Ina zargin an yi juye biyu ko uku ba a taɓa ta ba, saboda wahalar buɗewa. Matata idan ta toshe, akwai ƙofar gefe da mai ke bi ya wuce ba tacewa, don kada inji ya bushe. Wato an daɗe ana zagaya datti a cikin injin nan.

Muka ɗaga murfin saman inji don mu gani da ido. Ba kunu ba ne sosai, alhamdu lillahi, amma komai ya rine ya zama ruwan goro mai duhu, kuma a lungunan akwai baƙin abu mai kama da kwalta. Mun ciro bawul biyu masu sarrafa man VVT-i muka wanke, lungunansu duk sun cushe.

Sai maganar kaurin mai, wadda ita ma muhawara ce. A murfin an rubuta 0W-20. Makanike ya ce wannan ruwa ne, a zuba 20W-50 mai jiki. Na daɗe ina juya abin. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kaurinsa idan inji ya yi zafi. Injin da ke da ƙananan hanyoyin mai kamar wannan yana son man da zai isa sama da wuri da safe, don mafi yawan cin ƙarfe a daƙiƙun farko na tashi yake faruwa. A ɗaya gefen, motar ta haura kilomita dubu ɗari biyu, zafin garinmu kuma ba wasa ba. Littattafan da aka buga wa irin wannan injin a wasu ƙasashe sun yarda da 5W-30, sai na tsaya a nan. A ganina ma kaurin ba shi ne babban abin ba. Man da ka san na gaskiya ne, aka canja a kan kari tare da matata, ya fi duk wata lamba da ke jikin galan ɗin jabu.

Lita 4.2 yake ci har da matata. Na tsaya a kai aka auna, domin al'adar masu juye ita ce su tuttule galan da ragowar wani su ce ya fi. Ban yarda a zuba kananzir ko maganin wanke inji ba: dattin da ya ɓalle gaba ɗaya yana iya toshe rariyar famfon mai, a nan ne inji ke bugawa. Zan bi a hankali, juye biyu a kusa da kusa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama, hazo har ba a ganin ƙarshen layi. Na buɗe gidan matatar iska na tarar an sha bugunta da iskar mai faci har ta huje a wuri biyu. Wannan ma gado ne: a hura a mayar. Iska mai ƙarfi tana yaga zaren takardar, ƙurar da ake gudu ta samu ƙofa. Na sa sabuwa.

Bayan matatar akwai sansar da ke auna iskar da ke shiga, wani siririn abu ne kamar gashi da ake ɗumamawa da wuta. Ƙura ta lulluɓe shi. Idan ya yi datti sai ya gaya wa birenbos iska kaɗan ce ta shiga alhali da yawa ce, birenbos ya ba da fetur kaɗan, sansar salansa ta ce an yi ƙwauro, sai a yi ta ƙari ana gyara lissafi. A wayata ƙarin ya kai kashi 19 cikin ɗari. Na fesa masa maganinsa ban taɓa shi da hannu ba, na bar shi ya bushe. A babban bututun roba kuma na sami tsaga a cikin lanƙwasa, ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an murɗa. Na canja. Bayan kwana uku ƙarin ya sauko zuwa kashi 4. P0171 ba ta dawo ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Filogi. Guda huɗun da muka ciro kala uku ne. Na silinda ta biyu gajere ne, ba ma na injin ba ne, bakinsa ya yi baƙi. Na asali dogaye ne sirara masu bakin iridiyam, Denso SC20HR11, tazarar bakinsu milimita 1.1, kuma ba a buga su a ƙasa don a gyara tazara kamar na da. An yi su ne su kai mil 120,000. Masu araha da ake sa wa duk bayan wata shida, idan ka tara kuɗinsu sun fi. Amma jabunsu ya cika kasuwa, sai da na sa aka kawo mini daga wurin wanda na amince da shi, na kuma duba bakin da gilashin ƙara girma.

An ɗaura da inji a sanyaye, da hannu tukuna kafin sifana, don zaren alminiyam ba ya yafiya. Tsallaken wutar ya ragu amma bai tafi ba. Sai na yi dabarar da ba ta cin ko sisi: na musanya kwayil, wato abin da ke ba filogi wuta, na biyu da na uku. Washegari lamba ta koma P0303. Laifin ya bi kwayil ke nan. Na sayi ɗaya ɗan Beljiyam na asali maimakon sabo marar suna.

Juye na biyu yau, bayan mil 900 kacal. Man ya fito baƙi kamar ya shekara.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kaduna da dawowa, ɗaurin aure. Mu huɗu ne a ciki. Na cika tanki a Na'ibawa har famfo ya tsaya da kansa, na mayar da ƙaramin maleji sifili. Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Zariya, Jaji, har Kawo, ban wuce kilomita 110 a awa ba. Ruwa ya tsaya tsakanin 84 da 88 duk tsawon hanya. Da na dawo na cika a famfo ɗaya: mil 296, lita 34.5. Kilomita 476, wato 13.8 a lita. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba wannan motar mil 34 a galan a babban titi tana sabuwa, kusan kilomita 14.5 a lita. Ga mota mai shekara goma sha biyar da ƙarti huɗu a ciki, ban da abin cewa.

A cikin gari ina samun 10.4 yanzu, daga 8.3. A kowane kilomita 1,000 lita 24 ke nan ta rage a aljihuna. Na kai wa makanike lissafin a takarda. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu ya ce, "Malam, a bari watan huɗu ya zo."

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi, ba na iya tsayuwar gareji da rana, saboda haka bayan tarawihi muka ɗaga ta. P0420 ita kaɗai ta rage. Na riga na san amsar tun daga warin hayaƙin da ƙarar da salansa ke yi kamar gwangwani, amma na so in gani. An yanka tukunyar indomi, wato matatar hayaƙin, ta sama, an kwashe cikin, an yi walda an shafa baƙin fenti. Abin da ke ciki saƙar zuma ce ta yumɓu da aka shafa wa ƙarafa masu tsada, falatinam da dangoginsa, su ne ke mayar da gubar hayaƙi iska marar illa sosai. Tsadarsu ce ta sa ake farautar ta. Ko an cire ta da sanin mai mota da sunan ta toshe, ko an zare a wani garejin da motar ta kwana, Allah ne masani. Ɗan'uwan namu ya rantse bai san zancen ba, kuma na yarda da shi.

Injin zai yi tafiyarsa ba ita, domin sansar gaba ce ke riƙe da lissafin fetur, ta baya aikinta sa ido a kan indomin. Amma akwai abu biyu. Hayaƙin da nake watsa wa masu adaidaita da 'yan talla a cunkoson Kurna ya fi guba. Sannan fitilar dashbod za ta zauna a kunne, kuma fitilar da ke kunne kullum daidai take da wadda aka rufe da salatif: ranar da sabuwar matsala ta zo ba za ta iya gaya mini ba. Mai walda ya ce akwai ɗan ƙarfen da ake ƙara wa sansar baya don a yaudari birenbos. Na ce a'a. Kuɗin 'yar Beljiyam ta gaske kuwa ya fi ƙarfina a watan da ake ɗinkin sallah. Na ɗage zuwa bayan Babbar Sallah, kafin nan zan riƙa soka na'ura duk Juma'a in duba ko wata lambar ta ɓuya a bayan wannan.

Asabar, 19 ga Afrilu

Watan huɗun ya zo. Jiya da ƙarfe biyu da rabi, bayan an sauko daga masallaci, na faɗa cunkoso a wajen Bata. Zafin gari ya haura 40, kwalta har sheƙi take. Na'urar sanyaya ɗaki a kunne, waya a kan cinyata. Minti talatin da biyar muna jan jiki. Ruwa ya hau 91, 93, ya taɓa 96, na ji fanka ta ƙara ƙarfi, ya sauko 90. Haka ya yi ta yi har muka fita. Allura ba ta motsa daga tsakiya ba. Na ɗauki hoton allon na aika wa makanike. Amsarsa ta murya ce: "To Malam, taka dai ta yi. Amma lagiretonka wankakke ne." Gaskiya ya faɗa.

Abin da bai yi daɗi ba: na ja sandar auna mai da safe, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri, na ga ya sauka kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin ɗigo biyun, a mil 2,100. Wajen rabin lita ke nan. Babu ɗigo a ƙasa, babu shuɗin hayaƙi da nake iya gani. Zato na farko shi ne ƙaramin bawul ɗin numfashin inji, wanda ke mayar da tururin mai cikin bututun iska. Idan datti ya riƙe shi a buɗe yakan ja mai ya ƙone. A wannan injin yana ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an yi kwance-kwance kafin a kai gare shi. Zato na biyu, wanda ba na so, ringin mai ne suka manne saboda shekarun man durom. Awon matsi ba ya nuna wannan, don wasu ringin daban ne ke riƙe matsi.

Ƙarar asuba ta ragu zuwa daƙiƙa ɗaya, wata ran ma babu. Daga gefen sarƙa take fitowa, ina zaton ɗan makullin da ke riƙe giyar VVT-i ta shigar iska ne ya ci, yana sakin ta ta yi kaɗa-kaɗa kafin matsin mai ya iso. Na ɗauki sautin a waya kwana biyar a jere don mu saurara tare da makanike.

Na cika man zuwa ɗigon sama, na rubuta maleji: 153,940. Bawul ɗin numfashi an ce zai iso ranar Talata. Zan sake jan sanda a 154,940.